Naman Kaza Mai Haske da Dare: Nemansa da Renonsa

Idan damina ta yi tsakiya a ƙasar Sabuwa, wato daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, babu abin da ya kai naman kaza saurin bayyana. Da yamma wuri yana fili, da safe sai a tarar ya buɗe laima a gindin suri, ko a kan juji, ko a jikin kututturen ɗorawa da aka sare shekarun baya. Yara kan kira shi laimar kwaɗi, su shure shi su wuce. Abin da galibin mutane ba su sani ba shi ne, a cikin dangin wannan halitta akwai masu ba da haske da kansu a cikin duhu, haske kore mai sanyi, babu wuta babu hayaƙi. Masana sun ƙidaya fiye da iri 100 masu wannan baiwa, kuma kusan kowace shekara sai an ƙara gano wasu.

Shi dai naman kaza ba tsiro ba ne, ko da yake daga ƙasa yake fitowa. Tsiro yana da koren sinadari a ganyensa wanda yake haɗa abinci da shi daga hasken rana. Naman kaza ba shi da wannan, don haka sai ya ci abin da wani ya tara: mataccen itace, ganye, kara, kashin dabbobi. Danginsa su ne fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da ake kumbura burodi da shi. Masana sun ware musu rukuni nasu na kansu mai suna fungai.

Laimar da ake gani a fili ba ita ce ainihin halittar ba. Ainihin jikin wasu fararen zaruruwa ne sirara ƙwarai, waɗanda suke ratsa cikin itace ko ƙasa kamar saƙar gizo-gizo, ana kiransu maisiliyam. Su ne suke ci, su ne suke girma, suna iya yin shekaru ba wanda ya san da su. Sai laima da zafi sun daidaita sannan su fitar da naman kaza, kamar yadda mangwaro yake fitar da 'ya'ya idan lokacinsa ya yi. A ƙarƙashin laimar akwai wasu faifai jere kamar shafukan littafi, daga cikinsu ne ƙurar iri take zubowa, miliyoyi, iska ta kwashe ta. Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai nema, domin a wasu ire-iren laimar ce take haske, a wasu ƙafar ce kaɗai, a wasu kuma zaruruwan ne suke haske alhali naman kazan da suka haifa duhu ne. Idan zaruruwan ne, to abin da ido zai gani shi ne ruɓaɓɓen itace yana ƙyalli kamar an shafa masa wani abu.

Daga tatsuniya zuwa ɗakin gwaji

Mutane sun daɗe suna ganin wannan haske, kuma kusan ko'ina abin da suke fara yi shi ne su tsorata. A ƙasar Hausa ma duk wani haske da aka hanga a dawa da tsakar dare, ba tare da an san mai shi ba, akan jingina shi ga aljanu ko mayu. Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci naman kaza a cikin abubuwan da suke haske da dare ba tare da wuta ba. Amma sai a shekarar 1667 aka fara yi wa lamarin gwaji na ƙwarai. A wannan shekara Robert Boyle na Ingila ya sa guntun itace mai haske a cikin gilashi, ya zuƙe iskar da ke ciki da famfo. Hasken ya dusashe har ya mutu. Da ya bar iska ta koma, sai haske ya dawo. Boyle bai san da iskar oksijin ba, don kuwa sai bayan shekara ɗari da 'yan kai aka gano ta, amma ya tabbatar da cewa wannan haske yana bukatar iska kamar yadda garwashi yake bukatarta. Bambancin kawai shi ne garwashi yana ƙuna, itacen kuwa da sanyinsa.

Har an taɓa sa shi aiki a fagen yaƙi. A shekarar 1775, wani Ba'amurke mai suna David Bushnell ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai ɗaukar mutum guda. Kunna kyandir a ciki zai cinye iskar da matuƙin yake shaƙa, saboda haka sai aka liƙa guntayen itace mai haske a kan allurar kamfas da ma'aunin zurfi. Dabarar ta yi aiki har zuwa lokacin da hunturu ya shigo, sanyi ya kashe hasken. A tsakiyar ƙarni na 19 ne Johann Florian Heller na birnin Biyana ya nuna cewa ba itacen ne yake haske ba, zaruruwan fungai da ke cikinsa ne.

Wanda ya buɗe ƙofar fahimtar yadda rayayyun halittu suke yin haske shi ne Raphaël Dubois, Bafaranshe, a shekarar 1885. Da wani ƙwaro mai haske ya yi aikinsa. Ya niƙa sashen jikin ƙwaron a ruwan sanyi, ruwan ya yi haske na ɗan lokaci ya mutu. Ya niƙa wani a ruwan zafi, wannan bai yi haske ba ko kaɗan. Da ya haɗa ruwan biyu, waɗanda kowannensu duhu ne, sai haske ya tashi. Ma'anar wannan ita ce abubuwa biyu ake bukata. Na farko makamashi ne wanda yake ƙarewa amma zafi ba ya lalata shi, shi ne daga baya ya sa wa suna lusiferin. Na biyu mai hura wutar ne, wanda ba ya ƙarewa amma tafasa tana kashe shi, shi ne lusiferes, kuma yana cikin sinadaran da ake kira enzayim, masu hanzarta aiki a jikin rayayyu. A ruwan sanyi makamashin ne ya ƙare, a ruwan zafi mai hurawar ne ya mutu. Da wuya a sami gwajin da ya fi wannan sauƙi da kaifin tunani, kuma ya cancanci kowane malamin kimiyyar halittu ya zana shi a allo ya bar ɗalibai su warware shi da kansu kafin ya faɗa musu amsa.

Sirrin koren haske

Kowane rukunin halittu masu haske da irin lusiferin ɗinsa. Na maƙesu, ƙwaron nan da ke walƙiya a fadama da damina, daban yake da na halittun teku. Na naman kaza ya daɗe yana ba masana wahala. A shekarar 1959 Airth da McElroy a Amurka suka maimaita gwajin ruwan zafi da ruwan sanyi da fungai, suka sami haske, amma ba a san ainihin sinadarin ba sai a shekarar 2015, lokacin da ƙungiyar masana ta Ilia Yampolsky a Rasha ta gano shi. A shekarar 2018 kuma wannan ƙungiya da abokan aikinta suka gano ƙwayoyin gadon da ke gudanar da aikin baki ɗaya, a jikin wani naman kaza na ƙasar Biyetnam mai suna Neonothopanus nambi.

Abin da suka gano zagaye ne mai mataki huɗu. Ana farawa da wani sinadari mai suna kafeyik asid. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, ba shi ne kafin ɗin da ke cikin goro da gahawa ba; wani abu ne da ake samu a jikin tsirrai gaba ɗaya. Enzayim na farko yana juya shi ya zama hisfidin. Na biyu yana ƙara wa hisfidin ƙwayar oksijin guda, sai ya zama lusiferin. Na uku, wato lusiferes, yana haɗa lusiferin da iskar oksijin, sai a sami wani sinadari marar natsuwa wanda nan take yake fashewa, ya saki iskar kabon dayoksaid. Abin da ya rage yana ɗauke da rarar ƙarfi, kuma wannan rara ce take fita a matsayin haske. Daga nan enzayim na huɗu ya karɓi tokar, in ji mai magana, ya mayar da ita kafeyik asid, a sake sabon zagaye. Shi ya sa naman kaza ba ya walƙiya yana ɗaukewa irin ta maƙesu. Haskensa a tsaye yake dare da rana, hasken rana ne kawai yake danne shi. Tsawon zangon hasken yana tsakanin nanomita 520 zuwa 530, wato kore, kuma duk ire-iren da aka bincika wannan hanya guda suke bi. Wani bincike da aka yi a Taiwan a shekarar 2020 ya kimanta cewa baiwar ta samo asali ne kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, kuma dangi da yawa sun yar da ita a hanya.

Da yake tsirrai suna da kafeyik asid tun asali, sai masana suka yi tunanin dasa musu waɗannan ƙwayoyin gado huɗu. A shekarar 2020 aka sanar da samun shukar taba mai haske da kanta, daga ganye har fure. A shekarar 2023 hukumar aikin gona ta Amurka ta amince da wani furen ado mai suna fetuniya da kamfanin Light Bio ya yi wa irin wannan dashe, aka fara sayar da shi a 2024. Masu tallar irin wannan aiki sukan yi mafarkin itatuwa su maye gurbin fitilun titi. Wannan zance ne mai nisa, domin hasken bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na ƙaramin ƙwan tocila. Amfanin da ya fi kusa yana ɗakin bincike, inda haske yake zama alama: a ɗaura shi a kan wata ƙwayar gado, duk lokacin da ta fara aiki a jikin shuka sai kyamara ta gani ba tare da an yanka shukar ba.

Me naman kaza yake samu?

Yin haske yana cin ƙarfi, kuma halitta ba ta cika ɓarnar ƙarfi a banza ba. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga Birazil. Wajen shekarar 1840 wani masanin tsirrai ɗan Birtaniya, George Gardner, ya ga yara suna wasa da wani abu mai haske a titin garin Natividade. Ya ɗauka ƙwaro ne, ashe naman kaza ne da ke fitowa a gindin wani irin kwakwa. Aka rubuta shi a littattafai, sannan masana suka yi fiye da shekara 160 ba su sake sa shi a ido ba, sai a 2005. Mutanen yankin kuwa ba su taɓa rasa shi ba, suna da sunansa, sun san inda yake fitowa. Yanzu ana kiransa Neonothopanus gardneri, kuma yana cikin mafiya haske a duniya.

A shekarar 2015 Cassius Stevani na Jami'ar Sao Paulo da Jay Dunlap na Amurka da abokan aikinsu suka nuna cewa wannan naman kaza yana da agogo a jikinsa: haskensa yana ƙaruwa da dare, ya ragu da rana, ko da an ajiye shi cikin duhu na dindindin. Sai suka ƙera naman kaza na roba, suka shafa musu danƙo, suka sa wa wasu ƙananan korayen fitilu, wasu kuma suka bar su duhu, suka jera su a daji. Masu fitila sun kama ƙwari fiye da marasa fitila nesa ba kusa ba: buzuzu, ƙudaje, zanzaro, tururuwa. A ƙarƙashin rufaffen kurmi iska ba ta motsi sosai, don haka ƙwaron da haske ya jawo shi ne zai ɗauki ƙurar iri a jikinsa ya kai ta gaba.

Sai dai ba a nan zancen ya ƙare ba. A shekarar 2016 aka yi gwaji mai kama da wannan a Ostareliya da wani iri mai suna Omphalotus nidiformis, aka tarar ƙwari ba su kula shi ba. Haka kuma zaruruwan da ke haske a can cikin itace, ko a ƙarƙashin ƙasa, wa suke kira? Wasu masana suna ganin a irin waɗannan hasken rara ce kawai ta wani aiki, wataƙila na kare jiki daga gubar oksijin da ke tasowa lokacin narkar da itace. Mai yiwuwa ne amsa ɗaya ba za ta wadatar da iri fiye da ɗari ba.

Ina ake samunsa?

Mafi yawan ire-iren da aka rubuta sun fito ne daga Birazil, Japan, kudu maso gabashin Asiya da Amurka ta Arewa. A jihar Meghalaya ta Indiya an bayyana wani sabo a 2020, mai fitowa a jikin matacciyar gora, wanda ƙafarsa kaɗai ke haske. Mazauna wurin ne suka kai masana inda yake. A kurmin Kwango akwai wanda mutanen wurin suke kira da sunan da ke nufin wutar birin cimfanzi. Akwai kuma dangin Armillaria, masu zaruruwa masu haske, waɗanda manoma a Afirka suka sani ta wata fuska marar daɗi: su ne suke ruɓar da saiwar ganyen shayi a Kenya da ta koko a Afirka ta Yamma.

Rabon Afirka a cikin jerin ƙarami ne, kuma taswirar ire-iren ta fi kama da taswirar wuraren da masana suka yi yawon dare da ido buɗe. Anan ne ƙasar Sabuwa take shigowa. Kudancin Jihar Katsina, wato su Sabuwa da Faskari da Ɗandume, shi ne ya fi samun ruwan sama a jihar, wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Itatuwansa irin na dajin da ya miƙe har Birnin Gwari ne: doka, maje, marke, kaɗanya, ɗorawa, ga kurmi a bakin rafuka. Mataccen itace mai laima na tsawon watanni shi ne abin da waɗannan halittu suke so. Sai dai neman itacen girki da ƙona gawayi da faɗaɗa gonakin masara suna kwashe wannan mataccen itace tun bai fara ruɓewa ba, kuma abin da yake rayuwa a cikinsa yana iya ƙarewa ba tare da kowa ya taɓa rubuta sunansa ba.

Nema ba tare da shiga daji ba

Masanan Birazil da Japan sukan shiga daji da tsakar dare su kashe fitila. Wannan hanya ba ta dace da ɗaliban wannan yanki ba ko kusa. Dazuzzukan da ke tsakanin Katsina da Zamfara da Kaduna sun yi shekaru suna zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma ba a manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Babu naman kazan da ya kai ran ɗalibi. Ban da wannan, damina lokacin macizai ne da kunamu, kuma ƙarƙashin ruɓaɓɓen gungume wurin kwanansu ne.

Dabarar ita ce a juya aikin: a tattaro da rana, a duba da duhu a cikin ɗaki. Wuraren tattarawa suna nan cikin gari da gefensa: tarin itacen girki da ruwa ya daɗe yana duka, tsohuwar dirkar shinge, ƙafar rumbun da ya faɗi, kututture a lambun mangwaro, tarin ganye a gindin itatuwan makaranta, ɓawon rake da aka tara a fadama. Akwai alamar da za ta rage wahala. Itace iri biyu yake ruɓewa. Wani yakan yi ja-ja ya farfashe gutsi-gutsi kamar gawayi. Wani kuma yakan yi fari, ya yi laushi da rashin nauyi kamar soso, domin fungai sun cinye liginin, sinadarin da ke ba itace tauri da duhun launi. Masu haske suna cikin masu farar ruɓa, saboda haka farin ake nema. A juya gungume da sanda, ba da hannu ba. Kowane guntu a sa shi a ledarsa da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, kada a ɗaure bakin tam, a rubuta rana da wuri da sunan itacen.

Ɗakin dubawa sai ya yi duhu ƙirin, a toshe taga da ƙasan ƙofa da bargo. Anan ne mafi yawan masu nema suke faɗuwa, saboda gaggawa. Idon mutum yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ƙwayoyin ganin duhu da ke cikinsa su kai ƙarfinsu, kuma kallon fuskar waya na daƙiƙa kaɗan yana rushe wannan shiri. Idan dole sai an haska, a rufe bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika damun waɗannan ƙwayoyi ba. Yana kuma taimakawa a kalli gefen abin maimakon tsakiyarsa, kamar yadda ƙaramin tauraro yake fi fitowa idan an kauce masa da ido kaɗan. Haske mai rauni yakan bayyana fari-fari ko toka-toka, koren ba ya fitowa sai a hoto. Kyamarar da za a iya barin idonta a buɗe na daƙiƙa 30, a kafe ta kada ta motsa, tana kama abin da ido ya kasa.

Idan an ga wani abu, saura tabbatarwa. Tsutsar maƙesu ma tana haske, amma tana motsi kuma ɗigo ne guda. Hannun agogo mai haske da dare aro yake yi daga rana, yana dusashewa cikin sa'o'i, na fungai kuwa yana nan ko an kwana uku a duhu. A raba guntun uku. Na farko a tsoma shi a tafasasshen ruwa: haske zai mutu ba dawowa, don enzayim ya lalace. Na biyu a sa shi a kwalba a cika ta da iskar kabon dayoksaid, wadda kowane ɗakin gwaji na sakandare yake iya haɗawa da dutsen alli da asid mai rauni: haske zai dusashe, ya dawo idan an buɗe. Wannan gwajin Boyle ne da kayan yau. Na uku a bar shi yadda yake don gwadawa da sauran.

Renonsa a makaranta

Iri biyu ne suka fi shahara wajen reno. Panellus stipticus ƙarami ne mai siffar mafici, yana cin itace mai tauri. Na gabashin Amurka ta Arewa yana haske, amma ɗan'uwansa na Turai, mai suna ɗaya da kama ɗaya, ba ya yi. Ya fi haske a wajen digiri 22 na ma'aunin Salshiyas. Na biyu shi ne Mycena chlorophos na tsibiran Japan da sauran ƙasashe masu ɗumi, wanda faɗin laimarsa bai wuce santimita 3 ba. Binciken Japanawa ya nuna zaruruwansa sun fi girma a digiri 27, amma sai zafi ya sauka wajen 21, kuma ya sami ɗan haske, sannan yake fitar da laima, ita kuma kwana uku take yi tana haske. Shigo da rayayyen iri daga waje sai da izinin hukumar killace kayan noma ta Nijeriya, kuma ta hannun jami'a ya kamata a bi, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina.

Aikin hawa uku ne, kuma abokin gabarsa guda ne, wato fumfuna. Ƙurar irinta tana cikin iska da hannu da tufafi, kuma ta fi naman kaza saurin girma. Hawan farko shi ne abincin faranti. A dafa giram 200 na dankalin Turawa a lita guda ta ruwa, a tace, a zuba giram 20 na gulukos da giram 15 zuwa 20 na garin aga, wanda yake sa ruwan ya daskare kamar kamu. A turara shi a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15. Tafasa ta yau da kullum a digiri 100 take tsayawa, ba ta kashe irin wasu ƙwayoyin cuta. Idan ya huce a faranti, a goge tebur da hannu da sifirit, a rufe tagogi, a ƙona wuƙa a harshen wuta, a tsaga naman kazan ko itacen, a ɗebo ɗan mitsitsi daga can ciki inda iska ba ta taɓa ba, a ɗora, a rufe. Bayan 'yan kwanaki fararen zaruruwa za su fara bazuwa. Duk farantin da ya yi kore ko baƙi ya lalace. Kada a buɗe shi a shaƙa, a turara shi a zubar.

Hawa na biyu shi ne hatsi, kuma dawa tana yi sarai. A jiƙa ta ta kwana, a ɗan dafa ta ba tare da ta fashe ba, a tsane, a zuba a kwalabe zuwa rabi da 'yan kai, a toshe da auduga, a turara na awa guda da rabi. Idan ta huce a jefa guntu daga farantin. Cikin makonni kaɗan za ta yi fari fat. Hawa na uku garin katako ne na itace mai tauri, wanda ake samu a wurin masu yankan katako, a gauraya kashi huɗu da kashi ɗaya na dusa, a jiƙa shi yadda idan an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. A ɗura a leda mai jure zafi, a turara na awa biyu, a zuba hatsin bayan ya huce. Ba sai an jira laima ba: a waɗannan ire-iren biyu zaruruwan ma suna haske, don haka faranti ko ledar kanta tana iya ƙyalli a ɗaki mai duhu.

Babbar matsala a wannan ƙasa ita ce zafi da bushewa. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35, da hunturu kuma sanyin ya yi amma iska ta bushe ƙayau. Tsakiyar damina ce ta fi dacewa. A sauran lokuta akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a kai. An yi ta ne don adana tumatir da yalo, amma sanyi da laimar da take bayarwa su ne naman kaza yake nema, muddin ana buɗe ta kullum iska ta shiga.

Makarantar da ba ta sami iri mai haske ba tukuna tana iya koyon hannu da Pleurotus, farin naman kazan da ake ci ake kuma sayarwa. Ba ya haske, amma matakan duka iri ɗaya ne, kuma yana girma a kan totuwar masara da bambaron shinkafa da sharar auduga, abubuwan da ake ƙonawa a gonakin Sabuwa da Funtuwa kowace kaka.

Mai haske kuwa ba na ci ba ne. Dangin Omphalotus suna ɗauke da guba mai suna iludin, mai sa amai da murɗar ciki mai tsanani, kuma a Japan ɗaya daga cikinsu yana sahun gaba wajen kai mutane asibiti, saboda yana kama da wanda ake ci. Rashin haske ma ba shaidar lafiya ba ce: Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kisa a duniya, ba ya haske ko kaɗan. Haka nan itace mai haske da aka samo kada a yar da shi a lambu bayan an gama, ko da Armillaria ne a ciki. A ƙona shi.

Duk ajin da ya dace da samun mai haske, abin da masani zai nema a wurinsa shi ne hoto biyu daga wuri guda, ɗaya da haske ɗaya a duhu, da ma'auni a gefe. Da bayanin sashen da ke haske, laima ce ko ƙafa ko itacen. Da tambarin ƙurar iri, wanda ake samu idan an kifa laimar a kan takarda rabi fara rabi baƙa, aka rufe da kofi ta kwana. Sai a busar da wasu a inuwa mai ɗumi har su yi ƙaras, a sa a ambulan tare da rana da wuri da sunan itace da sunan da mutanen garin suke kiransa, a aika sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa. Daga wannan busasshen guntu ne ake ciro ƙwayoyin gado a gwada su da na ire-iren da aka riga aka sani.